Shekara 15 ba na bin layin Jibi

Duk wanda ya saba zuwa Misa, babbar ibadarmu ta Katolika, ya san wannan lokacin. Fada, wato firist, ya ɗaga Jibi, gurasar nan mai tsarki da muke karɓa a matsayin jikin Almasihu, jama'a sun amsa, 'yan kwaya sun sako waƙa a hankali, sai mutane su fara miƙewa benci-benci suna bin layi zuwa bagade. Wanda ba zai karɓa ba yakan janye ƙafafunsa gefe, ya sunkuyar da kai kamar mai addu'a, don masu wucewa su samu hanya. Na ƙware a wannan janyewar har ba sai an taɓa ni ba. Daga 1998 zuwa 2013 Jibi bai taɓa harshena ba, kuma ina ba da labarin ne saboda na san a kowane benci akwai irina.

A Kakuri aka haife ni, a 1976. Babanmu ya baro ƙauyenmu na wajen Zonkwa tun yana saurayi ya kama aiki a masaƙa, lokacin da Kakuri take Kakuri: jiniya na busawa titi zai cika da ma'aikata kamar an tone gidan tururuwa. Iyayenmu suna yarensu a ɗaki, mu yara kuwa Hausa ce bakinmu, da ita muka yi wasa, da ita muka yi katikizim, wato karatun addini. Ina da shekara 6 Paparoma John Paul na Biyu ya zo Kaduna, a Fabrairun 1982, ya naɗa firistoci a gaban jama'a. Abin da na riƙe na ranar bai da yawa: ƙurar hunturu, wuyan Baba da na hau, da wani farin ɗigo can nesa da aka ce mani shi ne Paparoma. Baba ya yi shekaru yana ba da labarin kamar su biyu suka gaisa. Da rigar aro na karɓi Jibi na farko. Akbishop Peter Jatau ne ya ɗora mani hannu ranar tabbatarwa, ranar da ake tabbatar da wanda aka yi wa baftisma cikin bangaskiya. Na shiga kwayar Hausa tun muryata ba ta gama zama ba. Ban tashi cikin jahilcin addinina ba, kada wani ya yi mani wannan uzurin.

Baban yara ma ɗan masaƙa ne, ɗan Katolika, mai hannun aiki, mai yawan dariya. A 1998 danginsa suka kawo wani abu daga cikin kuɗin aure, manya suka zauna, aka ci aka sha, aka miƙa ni. Auren coci kuma aka ce sai an shirya. Ni da shi duk mun san dokar: waɗanda suke zaman miji da mata ba tare da an ɗaura masu aure a coci ba, ba sa karɓar Jibi har sai sun gyara. Ya ce wata shida ne kawai. Na ce to.

Abin da muke nufi da shiri shi ne farar riga da mayafi, kwat, zobe, anko na dangi biyu, buhun shinkafa, akwatunan lemo, mai hoto, da wurin da za a zauna. Na shiga adashi. Muna zaune a lokacin a Tudun Wada, a ɗaki ɗaya cikin gidan kawunsa, yana bin bas zuwa Kakuri. Zuwa farkon 2000 na ɗauki adashi sau biyu, na sayi farin leshi yadi biyar na naɗe shi a ƙasan akwati da kuɗin a cikin gwangwanin madara. Mun sa rana a zuciyarmu, bayan Ista.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairu rikicin shari'a ya ɓarke. Ba zan tsaya a kansa ba, duk ɗan Kaduna yana da nasa labarin, Kirista da Musulmi, kuma kowa ya binne nasa. Mun fita da goyo a bayana da zanen da ke jikina, muka kwana huɗu a barikin soja. Da ƙura ta lafa baban yara ya koma ya duba. Ya ce ɗakin babu rufi, akwatin kuma ya zama ƙarfe baƙi. Kamar dubban mutane, muka ƙetare gada muka koma kudancin kogi, wasu kuma suka ƙetaro zuwa arewa, garin ya rabu kamar an yanka shi da wuƙa.

Unguwar da muka sauka, can bayan Sabon Tasha, a lokacin rabinta gona ce. Cocin Katolika da ke wurin rumfar kwano ce, Fada yana zuwa daga wata majami'a sau biyu a wata, sauran Lahadin katikis, malamin da ke taimaka wa Fada, ke jagorantar addu'a. Cikin shekara ɗaya rumfar ta kasa ɗaukar mu. Aka ce za a yi gini. Kowace Asabar mata mu ɗebo ruwa da yashi a kwano, maza su buga bulo, 'yan Zumuntar Mata su dafa dafa-duka a babbar tukunya. Baban yara ba ya fashi. In ya sauko daga aikin dare, ko barci bai yi ba zai wuce wurin ginin. Bangon da ke gefen 'yan kwaya, daga tushe har taga, da hannunsa a ciki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tasu ta tsaya, aka ce su je gida za a neme su, haƙƙinsu kuma har ya mutu bai gani ba. Ya karɓi babur ya shiga acaɓa. Mutumin da ya saba da albashi da katin aiki, yanzu yana jayayya da fasinja a kan naira goma. A nan ya fara tsayawa gidan burkutu, da farko ranar Lahadi da yamma, daga baya kullum. Bai taɓa ɗaga mani hannu ba. Dariyar ce dai ta tafi.

Yanzu ga inda nawa laifin yake, wanda na daɗe ina ɓoyewa. Da cocinmu ya samu Fada nasa na zama, sai ya sanar cewa za a yi auren taro kafin Kirsimeti: duk masu zaman aure da ba su je bagade ba su ba da suna, a yi masu aji na 'yan makonni, a ɗaura a rana ɗaya, kowa ya zo da kayan da yake da su. Shekarar farko baban yara ne ya ƙi. Ya ce shi ba za a jera shi a layi kamar masu karɓar tallafi ba. Shekara ta biyu shi da kansa ya dawo daga taron maza ya ce mani, "Maman yara, mu ba da suna mana, mu huta." Ni ce na ce a'a. Ƙanwata ta yi aurenta a wannan shekarar, da jerin motoci da kek mai hawa uku, ni ce ma na tsaya a kan girki. Na ce in ban samu ranata ni kaɗai ba, gara in jira. Ya dube ni, ya ce, "To, shi ke nan." Bai sake tayar da maganar ba.

Duk wannan lokacin ban daina zuwa coci ba. Ina kwaya, ina Zumunta, ina shara ranar Asabar, ina kai doya da kaza ranar godiyar kaka. Yara uku duk an yi masu baftisma. Ni ce ke rera waƙar Jibi, mutane suna wucewa ta gabana suna karɓa. In 'yata ta tambaye ni me ya sa ba na tashi, sai in ce makogwarona na riƙe wa waƙa.

A daminar 2009 cikinsa ya fara kumbura, idonsa ya yi rawaya. Asibiti suka ce hanta ce. Muka sayar da babur. Aka kwantar da shi mako biyu, aka sallame mu, muka dawo gida da ledar magani. Ranar wata Alhamis da dare, ruwa na zuba a kan kwano, ya kira ni ya ce, "Ki aika a kira mani Fada." A wurinmu, da yawa mun ɗauka in aka kira Fada ya shafa wa marar lafiya mai, to an sallama shi ke nan. Na san ba haka katikizim ya koyar ba, amma tsoro ba ya karatu. Na ce masa, "Haba baban yara, kada ka yi mana mugun baki. Za ka tashi, da ƙafarka za ka je wurinsa." Ya yi shiru, ya juya fuska bango. Asabar da asuba ya cika.

Da gari ya waye ni da ƙanensa muka je ofishin coci. Fada ba ya nan, firistoci sun tafi taronsu na mako guda. Baba Katikis muka samu. Ya yi mana gaisuwa yadda ya kamata, sa'an nan ya jawo babban littafi ya ce a ba shi katin mamaci. Katin nan shi ne inda ake rubuta kuɗin shekara da sauran gudummawar da aka ɗora wa kowane baligi. Na baban yara ya tsaya tun shekarar da aiki ya tsaya. Baba Katikis ya bi layin da yatsa, ya rufe littafin, ya ce, "'Yata, ba ya cin Jibi, ba ku yi auren coci ba, ga kati babu komai shekara da shekaru. Ba zan iya cewa a shigo da shi a yi Misa ba. Zan zo gida in yi addu'a." Na ce, "Baba, bangon nan da kake jingine da shi wa ya gina?" Ya ce ya sani, amma doka ce, in ya yi wa ɗaya sai ya yi wa kowa.

Ya zo gida kuwa, ya yi addu'ar, 'yan Zumunta suka kwana suna waƙa. Washegari da za a kai gawa ƙauye, hanyar ta bi ta ƙofar coci. Direba ya rage gudu don girmamawa. Na ce masa ya taka mota.

Duk da haka ba Baba Katikis ne ya kore ni ba. Wata ce daga cikin masu zuwa gaisuwa, mace mai kirki, da kyakkyawar niyya ta faɗa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Sai haƙuri. Amma kin ga yanzu hanya ta buɗe miki, ki je ki yi konfeshon, ki furta zunubanki a gaban Fada, ki koma cin Jibi." Gaskiya ta faɗa, a doka babu abin da ya sake tare ni. Amma maganar ta tsaya mani a ƙirji kamar ƙashin kifi. Wato sai da ya mutu, ba mai, ba Misa, sa'an nan ni zan tashi in bi layi? Shi da ya ce mu ba da suna na ƙi, shi da ya ce a kira Fada na hana? Na ga kamar da gawarsa zan sayi wurin. Tun daga ranar na naɗe zanen Zumunta na sa a ƙasan jaka. A bakin mutane ina cewa coci ta wulaƙanta mijina, kuma akwai gaskiya a ciki. Wanda ban faɗa wa kowa ba shi ne ba na iya haɗa ido da bagade.

Dole a ci abinci. Na kafa kaskon ƙosai a bakin titi, kuma saboda wurin ciniki ba ya bin zuciyar mutum, inda ya fi kasuwa shi ne mahaɗar da masu fitowa daga Misar ƙarfe shida suke bi. Ranar Lahadi nakan tashi ƙarfe huɗu in kai niƙa, in hura wuta, in ji ƙararrawa ina zuba ƙullu a mai. In iska ta juyo har waƙar nake ji, in san an kai waƙar Tsarki, in san an kai ta Ɗan Rago na Allah. Wasu 'yan coci suka daina saye a wurina. Wasu suna saye suna haɗawa da wa'azi, su ne suka fi ci mani rai. Yara ban hana su zuwa ba. Babban ma ya shiga yaran bagade, ni nake wanke masa jar rigar da farar ta sama in goge da dutsen guga na gawayi.

Akwai wata tsohuwa a Zumunta, mijinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya daɗe da rasuwa. Ita ke buga tulu in ana waƙa, tafin hannunta ya yi kanta saboda shi. Kowace Lahadi in an tashi sai ta zo ta zauna a bencina, ta sayi ƙosai na hamsin, ta ce in zaɓo mata masu laushi don haƙora sun yi ritaya. Shekara uku tana wannan, ko sau ɗaya ba ta ce mani in dawo coci ba. Labari kawai take kawowa. Wa'azin yau ya yi tsawo har shugaban maza ya yi minshari. An yi rigima a kan wa zai shugabanci godiyar kaka. Sabuwar mai ba da waƙa tana jan baiti kamar ana jan akuya zuwa kasuwa. In na yi dariya sai ta ce, "Ai ke ce kika bar mana ita." Iyakarta ke nan. Wani lokaci nakan ji haushinta, don ta hana ni mantawa da wurin.

Ranar Lahadi 28 ga Oktoba 2012, wajen ƙarfe tara, ina kwashe kaskon ƙarshe, sai wani ɗan acaɓa ya tsaya yana ihu a waya: an tayar da bam a cocin Katolika, ana cikin Misa. Bai faɗi wanne ba, ni ma ban tsaya tambaya ba. Shekarar nan kowa a tsorace yake, an riga an kai hari coci-coci a Zariya da nan Kaduna a watan Yuni. Yarana uku suna Misa ta biyu. Na bar mai a wuta na zura da gudu, ba takalmi, sai a ƙofar coci na lura matsamin ƙosai yana hannuna. An jera durom cike da kankare a bakin hanya, samarin da ke gadi suna duba mutane da na'ura, ba a shiga da jaka. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mama, lafiya? Ba nan ba ne, a Malali ne." Cocin St Rita ne, can arewacin kogi. Wani ya kutsa da mota cikin ginin, mutane sun mutu, sama da ɗari sun ji rauni.

Ƙafafuna suka ƙi komawa. Na tsaya a bakin ƙofa, inda ban taka ba shekara uku. A ciki labari bai kai ga yawancin mutane ba, ana ba da Jibi. Na hango ɗana a gefen Fada, yana riƙe da ɗan farantin da ake sawa a ƙarƙashin haɓar mai karɓa, ya haɗe fuska irin ta babansa in yana auna bulo. Bayan Jibi aka miƙa wa Fada takarda. Ya karanta, ya yi shiru, ya faɗa wa jama'a. Wata mata ta fasa kuka, 'yarta tana aure a Malali. Na zata za a watse a guje. Fada ya ce a durƙusa, aka fara "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri," bakina ya kama da kansa. Da muka kai "yanzu da lokacin mutuwarmu" sai na kasa ƙarasawa. Da na koma, maƙwabciya ta sauke mani kaskon, man ya ƙone ƙurmus.

Ba a ranar na dawo ba. Juma'ar da ta biyo, 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da dukan matattu masu bi ce, kuma a watan ne ake rubuta sunayen waɗanda suka riga mu a kai bagade. Tsohuwar nan ta aiko jikarta, wai in zo Misar yamma in riƙa mata tulu, kafaɗarta na ciwo. Na san dabara ce, na je. Na zauna a bencin ƙarshe da tulun a cinya. Ana cikin karanto sunaye sai na ji na baban yara, cikakke, har da sunan baftismarsa da ba kowa ya sani ba. Na juya na dube ta. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Tun shekarar da ya tafi nake rubutawa. Ke kina can kina fushi, shi kuma a bar shi ba mai tuna shi?" Da aka tashi ta ƙara da cewa kuɗin wata na Zumunta ma ta riƙa biya mani don kada a soke sunana, amma in sani bashi ne, ba kyauta ba. Sai da na biya ta kuwa, har sisin ƙarshe, rabi da kuɗi rabi da ƙosai.

An canza Fada a lokacin, wani matashi ne aka kawo. Na je ofishinsa da niyyar faɗa, na zazzage masa komai, kati da bango da mota. Ya bar ni na gama. Ya fara da cewa, "Mama, ku yi haƙuri, ba a kyauta maku ba." Ya ce bashin kati ba ya cikin abin da ke hana Kirista jana'izar coci, kuma da shi aka samu da bai yanke haka ba. Sa'an nan ya faɗi abin da ya fi yi mani zafi, ko da yake a hankali ya faɗa. Abin da Ikilisiya take nema a ɗaurin aure shi ne yardar mutum biyu, a gaban firist da shaidu biyu. Ba riga, ba shinkafa, ko zoben ma ba shi ne auren ba. In kuma ɗaya yana bakin mutuwa, firist yana iya ɗaurawa a gefen gado, ya ji furcin zunubinsa, ya shafa masa mai, ya ba shi Jibi, duk a zama ɗaya. Wato daren Alhamis ɗin nan, da na aiki yaro cikin ruwan sama, tafiyar minti goma, da an gama komai.

A nan na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce mutumin da ya buɗe baki ya nemi firist ya riga ya juyo, kuma Allah ba ya jiran ɗan aike kafin ya ji. Ya ce in ina ganin ƙin karɓar Jibi wani abu ne nake biyan mijina da shi, to in sani ba ya isa wurinsa, abin da ke isa wurinsa addu'a ce. Ya buɗe littafi ya sa ranar da za a yi Misa dominsa, bai karɓi ko kwabo ba. Aka yi ta wata Asabar da safe. Ba mu fi mu ashirin ba. Na zauna a gefen 'yan kwaya na jingina da bangon.

Duk da haka sai da na ƙara wata huɗu ina janye ƙafa. Azuminmu na kafin Ista na 2013 ya shigo a makon da Paparoma Benedict ya ce zai sauka, aka shafa mana toka ranar 13 ga Fabrairu, kowa na maganar Roma, ni ina fama da nawa. Kowace Juma'a ina zuwa Hanyar Giciye. Sau biyu ina shiga layin konfeshon ina fita kafin a zo kaina. A na uku tsohuwar ta tsaya a bayana, ta toshe hanya da jikinta.

Daren Ista, 30 ga Maris, aka fara tun rana ba ta gama faɗuwa ba saboda tsaro. Aka hura wuta a waje, aka kunna babban kyandir, muka shiga da ƙananan a hannu. Da lokacin ya yi, matar da ke kusa da ni ta miƙe tana jiran in janye mata ƙafa kamar kullum, sai ta ga ni ma na miƙe. Layin bai fi taku ashirin ba amma gwiwoyina rawa suke. Na durƙusa. Farantin da aka sa a ƙarƙashin haɓata yana karkarwa har yana taɓa wuyana, ban ɗaga ido ba don na san hannun wane ne. Mutane suna tambayata me na ji. Ban ga haske ba, ban yi kuka ba. Jibin ya manne mani a ganɗa kamar yadda yake yi tun ina yarinya, na koma benci ina ƙoƙarin sauko da shi da harshe, sai can na lura ina jin yunwa, irin wadda na daɗe ban ji ba. A gida ɗana bai ce komai ba, ya dai ɗebo mani ruwan wanka, abin da sai an yi faɗa yake yi.

Da Baba Katikis ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Muna gaisawa. Da ya tsufa ya daina fita, ina cikin masu kai masa abinci in layin Zumunta ya zo kaina. Wata rana ya riƙe kwanon ya ce, "Mijinki ya iya bulo." Na ce, "Ya iya, Baba." Ban sani ba ko roƙon gafara ke nan, na dai karɓa a haka. Maganar kati kuwa har yau ina jayayya a kanta a taron majami'a. Na san coci ba ta tafiya da iska, akwai man janareta, akwai albashin katikis da mai gadi, akwai ginin da ba ya ƙarewa. Amma ranar da mutum ya zo da gawa ba ranar buɗe littafin bashi ba ce, kuma duk wanda ya kawo wannan shawarar a gabana ya san zai ji muryata.

Tsohuwar ta rasu a 2020, lokacin kullen korona, coci a rufe, mutane ƙalilan aka bari suka raka ta. Matar da ta buga tulu a jana'izar rabin unguwa, tata ba a yi waƙa ba. Tulun yana wurina yanzu. Ban kai ta iyawa ba, 'yan Zumunta ba sa ɓoye mani.

Aikin da na ɗora wa kaina shi ne bin gida-gida kafin auren taro. Daga wurin da nake zama ina ganin masu janye ƙafa, na san yadda ake sunkuyar da kan. Ba na tare su a coci. Gida nake zuwa, in zauna, in ba su labarin gwangwanin madara da daren Alhamis. Zumunta ta sayi mayafi biyu da zobba na aro, mu ke dafa shinkafar. Wasu matsalarsu ta fi ƙarfina: wadda iyayenta suka ce ba za su sa hannu ba sai an cika kuɗin aure, wadda mijinta ya ƙaro ta biyu, wanda matarsa ta fari tana raye a wani gari. Waɗannan sai in raka su wurin Fada, wani lokaci ma mu fito ba amsar da suke so. Amma mafi yawa irin tawa ce, riga da shinkafa da abin da dangi za su ce.

Akwai wasu da nake bi yanzu, shekara takwas suna tare, yara biyu, mijin yana jan Keke Napep. Matar ta yarda tun zuwana na farko. Shi kuma Asabar da ta wuce ya ce, "Mama, ki bari sai bayan kaka, in na ɗan samu sarari." Na tambaye shi wace kakar, ya yi dariya. Na ajiye masa takardar cikewa a kan talabijin, na ɗora rimot a kai don kada iska ta ɗauke, na ce masa Asabar mai zuwa ina nan tafe da biro.